Kwalbar Rijiya Ta Bakwai

Na fi wata huɗu da dawowa daga Duwala, kuma tun ranar da na sauka abokan aiki da mutanen majalisarmu suke tambayata yadda tafiyar ta kasance. Wani ya ce in ba shi labarin teku, wani ya ce wai da gaske ne can ruwan sama yakan kwana uku bai ɗauke ba. Nakan ce lafiya lau, in kawar da zancen. Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan, don karatuna bai wuce firamare ba, kuma abin da zan faɗa babu yabona a ciki. Sau biyu ina farawa ina yagawa. Abin da ya sa na daure yanzu shi ne akwai tambayar da na rasa amsarta, mai yiwuwa kuma wani mai karatu ya taimake ni.

Sunana Sule. Shekara goma sha tara ina aiki a ɗakin gwajin ruwa na wata jami'a a Yola. Aikina wanke kwalabe, da dafa su a tukunyar turiri don kashe ƙwayoyin cuta, da manna musu lamba. Ni mutum ne mai yawan fargaba. In na kulle ɗakin gwaji sai na dawo daga bakin titi na taɓa kwaɗon na tabbata. Abokan aiki suna yi mini dariya, amma Dakta Habu, wanda nake ƙarƙashinsa, ya ce don wannan halin yake so na.

Dakta haifaffen New Bell ne, unguwar da Hausawa suka daɗe da zama a Duwala. Rani biyu da suka wuce ya tafi da ni can muka ɗebi ruwan rijiyoyi ashirin, goma a gidajen Hausawa, goma a gidajen maƙwabtansu. Da aka gwada, na maƙwabta cike da ƙwayoyin cuta, na Hausawa kuwa fes. Dakta ya yi murna ƙwarai. Ya ce sirrin shi ne mutanenmu suna ɗaga bakin rijiya da bulo, su sa murfi. Ya shekara yana rubuta takarda a kan haka da Turanci, ya aika wa wata mujallar masana ruwa a ƙasar waje.

Ban san yadda ake buga irin wannan takarda ba sai a lokacin. Ashe editan ba ya bugawa sai ya aika wa masana biyu sun tantance, kuma ba a gaya wa marubuci sunansu. Na farko ya ce ta yi. Na biyu ya dawo da tambayoyi shafi uku. Dakta ya kira ni ofis yana kaɗa takardar.

"Malam Sule, wannan na biyun, ko bashinsa na ci ban biya ba ai sai haka. Wai ta yaya rijiya a fadama, taku biyar daga masai, za ta fito da tsabta haka? Ya ce a sake ɗiba da damina. Sati shida suka ba ni."

Shekara takwas Dakta yana kan matsayi ɗaya, kuma wannan takardar kaɗai ta rage masa a ƙara masa girma. Ga jarrabawar ɗalibai ta kama, ba halin ya motsa. Ya ce ni zan tafi, tunda na san gidajen. Don ya ƙarfafa mini guiwa ya buɗe shafin ƙarshe, inda ake godiya, ya nuna mini sunana a rubuce. Na roƙe shi ya karanta mini layin sau biyu.

Lokacin ba na tafiya ba ne. Hanyar kudu ta rufu saboda faɗan da ake yi a yankin masu Turanci, ta arewa kuma shinge ne bayan shinge, duk ɗan Najeriya abin tuhuma ne. Na kama hanyar Garwa da akwatin sanyi mai kwalabe talatin a ciki, kowacce a dafe, a rufe. Dokarsu ɗaya ce: kada a buɗe sai a bakin rijiya.

A motar na haɗu da wani Musa, Bakano mai sayar da takalma a kasuwar Nkololoun ta Duwala. Da ya ji abin da na ɗauko sai ya kwashe da dariya.

"Malam, daga Yola har Duwala da kwalabe ba komai a ciki? Na ga fatauci iri-iri, ban taɓa ganin mai safarar iska ba."

Kafin iyaka akwai kogi da ya cika, sai da kwalekwale. Na rungume akwatin a cinya ina ta addu'a, ba don raina ba, don kwalaben. A ƙetare wani jandarma ya sa na buɗe. Musa ne ya yi tafinta, don ni Faransanci ko gaisuwa ban iya ba. Na nuna wasiƙar Dakta mai hatimi, bai ko dube ta ba. Ya ɗauki kwalba ya murɗe ya shinshina. Ya ɗauki ta biyu ya zura yatsa. Na ce wa Musa ya gaya masa ya ɓata ta.

"In gaya masa yatsansa ƙazanta ne? Kai ka gaya masa, ni ina da iyali."

Huɗu ya buɗe kafin ya gaji. Na ɗaure wuyansu da jan zare na ware su gefe. Daga nan har Garwa lissafi nake yi a raina: saura ashirin da shida, ina bukatar ashirin, in aka sami irinsa biyu a gaba na shiga uku.

A Garwa muka sauka a wani gidan baƙi kusa da tasha, ɗaki ɗaya mu shida. Da safe na ga burodinsu, dogo kamar sanda, mai tauri, ana saƙale shi a hammata ba leda ba takarda. Daga nan mota zuwa Gaundare, sai jirgin ƙasa zuwa Yawunde. A kowace tasha mata ne ke bin tagogi da zuma da ayaba da wani rogo da ake naɗewa a ganye, suna ce masa bobolo. Nama kuwa na tambayi masu sayarwa ko yankan Musulmi ne, kowa ya ce i, saurin amsar ya sa ban yarda ba. Kwana biyu ina kan burodi da ayaba. Musa yana cin kifinsa yana cewa in na mutu da yunwa zai gaji kwalaben.

Daga Yawunde muka hau mota, muka shiga Duwala ta unguwar Yassa cikin ruwan sama. Motoci sun cushe, 'yan acaɓa da can ake kira bensikin suna ratsawa da manyan lemomi a kafe jikin babur. Musa ya ɗora ni kan ɗaya, ya gaya masa inda zai kai ni, muka rabu. Mutumin kirki ne, duk da bakinsa.

New Bell da na sani da rani ba ita na tarar ba. Lunguna sun zama kwata, an jera katako ana takawa, ruwan da ke ƙasa baƙi ne, kuma kowa ya san da me ya haɗu. Masaukina gidan Baba Ɗanjuma ne, kawun Dakta, dattijo mai sayar da goro. Na miƙa masa hannu, sai ya dafe ƙirji.

"Yi haƙuri ɗana, mun daina musabaha. Amai da gudawa ya shigo kartiye. Opital ya cika, har a ƙasa ake kwantar da mutane."

Haka Hausarsu take, kartiye ita ce unguwa, opital asibiti, in zance ya yi zafi kuma sai su zarce da Faransanci gaba ɗaya. A ƙofar masallaci an ajiye bokitin ruwa mai warin jabel, maganin nan na wanki, kowa ya tsoma hannu kafin ya shiga. Ban taɓa ganin Hausawa sun idar da salla sun watse ba tare da sun gaisa hannu da hannu ba sai a nan. Abin ya tsaya mini a rai.

Washegari da sassafe muka fara aiki, Baba yana yi mini jagora. Na fara da gidajen maƙwabta. Su ba ruwansu, tsakar gida a buɗe take, matar gida ma ita ke nuna maka rijiyar. Na zura guga da kaina, na cika, na rufe, na rubuta lamba da lokaci. Duk biyar ɗin da na ɗiba launin shayi da madara ne, saboda ruwan sama ya dama su.

Daga nan muka koma gidajen Hausawa, muka fara da rijiya ta uku a jerinsu, gidan Inna Talatu, ƙanwar mahaifiyar Dakta. Na yi yadda na yi a wancan zuwan, yadda duk mai tarbiyya zai yi. Na tsaya a ƙofa na yi sallama. Gidan matan aure ne, namiji baƙo ba ya shiga. Na ba Baba kwalba, ya miƙa ta bayan labule, na ce a cika daga rijiya a rufe da kyau. Jim kaɗan kwalba ta dawo.

Ruwan garau yake kamar gilashi. Na ajiye ta cikin akwati kusa da sauran biyar, na dube su tare. Da rani duk ruwan rijiyoyin garau yake, shi ya sa ban ga bambanci ba a wancan karon. Yanzu kuwa ko makaho ya shafa zai gane.

Na roƙi Baba ya kira mini Inna. Tsohuwa ce, ta fito ta zauna a kujerar tsuguno a bakin labule.

"Inna, don Allah wannan ruwan daga ina aka ɗebo?"

"Daga gidan nan mana."

"Daga rijiyar?"

Ta dube ni kamar na yi saɓo. "Ji mutum! Rijiyar da muke wanki da ita? Na jarka ne, na burtsatse, wanda muke saye. Sai da na tafasa shi ma."

"Wancan zuwan namu fa, da rani?"

"Wancan ma. Ba Habu ya ce har ƙasar Turawa labarin zai je ba? In ɗauki ruwan wanke-wanke in ba ɗan 'yar uwata ya kai wa Turawa, a ce ga abin da Hausawan New Bell suke sha? Kai in baƙo ya miƙo maka kofi, wane ruwa kake zuba masa?"

Ta ce ba ita kaɗai ba ce. Ranar da muka iso a wancan karon ana taron suna a unguwar, mata suka yi shawara a can cewa kada wadda ta kunyata gidanta.

Baba Ɗanjuma ya miƙe tsaye, carbinsa ya faɗi cikin taɓo. "Talatu! Ni ne fa na tashi a masallaci ranar Juma'a na ce Dakta ya bugo waya, an gwada rijiyoyinmu, lafiyarsu lau!"

"Mun ji ai, Yaya. Mun yi dariya, muka ci gaba da tafasa namu. Wa ya tambaye mu?"

A littafina na wancan zuwan, gaban kowace lamba, da hannuna na rubuta "rijiya". Na damu da ƙanƙara, na damu da lamba, na duba murfin kowace kwalba sau uku. Abu ɗaya da ban taɓa faɗa wa Dakta ba shi ne ban ga rijiya ko ɗaya da idona a gidajen Hausawa ba. Shi yana waje yana gaisawa da dangi, ni ina bakin labule. Ban ɗauka abin faɗa ba ne. A wurina ladabi ne kawai.

Daga ranar Baba ya riƙa shiga gaba yana neman izini, mata su shige ɗaki, in shiga kaina a sunkuye in ɗiba da hannuna. Kwana biyu muna haka har muka zo gida na bakwai, gidan Iro tela. Baba ya tsaya daga nesa ya ce shi ba zai iya shiga ba, in je ni kaɗai. A nan ya gaya mini dalili.

Lokacin zuwanmu na farko Iro bai yi aure ba, goggonsa Asabe ce a gidan, ita ta karɓi kwalbar. Daga baya ta koma Garwa wurin 'yarta. Iro ya auro wata Rabi daga Mubi, wadda ba ta san zancen taron suna ba. Da ruwan famfo ya ɗauke, layin burtsatse ya yi tsawo, Iro ya ce mata ta daina wahala, ya ji da kunnensa a masallaci an ce Dakta ya gwada rijiyar. Farkon daminar nan ciwon ya kama ta. Kwana biyu ta yi, ta rasu.

Na tarar da shi kan keken ɗinki a ƙofar gida, matashi ne, bai kai talatin ba. Na yi masa gaisuwa, na faɗi abin da ya kawo ni, na tsaya ina jiran ya shiga ya yi mini iso. Ya ɗaga labulen da kansa.

"Shiga kawai, Malam. Babu wadda za ta ɓuya."

Rijiyar tana da bulo, tana da murfi, yadda takardar Dakta ta yaba. Takalman mace suna ajiye a ƙofar ɗaki. Na cika kwalbar har na jiƙa takardar lambar, sai da na sake wata. Da na fito ya riga ya aika an kawo mini shayi. Na sha, ban faɗa masa komai ba, na tafi.

Kwalaben na riƙa kai su wani ɗakin gwaji a unguwar Ndogpassi, wurin wata Madam abokiyar karatun Dakta, don ruwan gwaji ba ya kwana. Da sakamako ya fito babu rijiya mai kyau ko ɗaya, ta bakwai tana cikin mafi muni. Madam tana jin Hausa kaɗan. Da na ba ta labarin ta ce kada in ɗora wa kaina, ciwon yana shiga ta abinci, ta hannu, ta hanyoyi da yawa. Ta kuma ce sakamakon damina ba ya nuna yadda rijiyar take da rani. In goggon daga rijiya ta ɗiba a lokacin, to gwajin gaskiya ya faɗa, damina ce ta ɓata ta daga baya. In kuma daga jarka ne, to ba rijiyar aka gwada ba, sauran kuwa na sani.

Ranar Juma'a Baba ya sake tashi a masallaci ya janye maganarsa. Bayan salla na koma wurin Iro na gaya masa komai, ban rage ba. Ya daɗe yana juya zare a yatsa.

"Wa'adinta ne ya yi, Malam Sule." Can kuma ya ce, "Goggo ba ta cika zuwa taron mata ba. Ban sani ba ko ta je sunan nan." Na roƙi lambarta, ya ce wata uku ke nan ba ta shiga, tun da aka canja wa mijin 'yarta wurin aiki.

A hanyar dawowa na sauka Garwa na yini guda ina yawo a unguwar da ya kwatanta mini. Na sami gidan, wasu mutane ne a ciki. Wata maƙwabciya ta ce sun yi wajen Marwa, wani mai shago ya ce Gaundare. A iyaka babu wanda ya ko dubi akwatina.

Ban faɗa wa Dakta a waya ba, na ga ba maganar waya ba ce. Na same shi a ofis yana makin jarrabawa. Ya saurara har na gama bai katse ni ba. Sannan ya jawo takardar, ya buɗe sashen da ake bayanin yadda aka yi aiki, ya fassara mini layi ɗaya: wai ma'aikaci mai horo ne ya ɗebi kowane ruwa kai tsaye daga rijiya.

"Ni na rubuta wannan, ban tambaye ka ba."

"Ni ma ban faɗa ba, ranka ya daɗe."

"A bayan labulen nan aka haife ni, Malam Sule. Ni ya kamata in sani." Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ka san in na rubuta cewa da rani suna da kyau, damina ce ke ɓata su, mai tantancewar nan na biyu zai yarda? Har yabo zai yi."

Na bar masa hukuncin. Ba matsayina ba ne, kuma na san shekarun da ya yi yana jira. Na fita na koma wurin kwalabena.

Bayan kwana biyu ya rubuta wa editan ya janye takardar, ya faɗi dalili yadda yake. Sunayen waɗanda aka ƙara wa girma sun fito watan jiya, babu nasa. Yana gaishe ni kamar da, bai taɓa yi mini gori ba, ni ne dai ba na iya haɗa ido da shi. Ya fara sabuwar takarda, wadda za ta faɗi abin da muka samu da damina da kuma kuskuren da muka yi, don kada wani ya maimaita. Ya ce dole a bayyana matsayin kowace kwalba cikin goman nan na farko. Shida mun tabbatar na jarka ne, matan sun faɗa da bakinsu. Ɗaya na rijiya ne. Saura uku.

To ga roƙona. Gida na biyu da na tara, iyalan Malam Tanko mai gyaran agogo da na marigayi Alhaji Sani mahauci, ambaliya ta tashe su, an ce sun koma wajen Yassa. Duk wanda ya san inda suke ya gaya musu kada su riƙe tsohuwar maganar cewa rijiyoyin lafiyarsu lau, kuma a tambayi matan gidan abin da suka zuba. Saƙo zai same ni ta hannun Baba Ɗanjuma mai goro a New Bell, ko ta direbobin Garwa zuwa Yola, a ce Sule mai kwalabe.

Sai Goggo Asabe. Doguwar tsohuwa ce, baƙa, tana ɗan ɗingishi da ƙafar hagu, a da tana sayar da ƙuli-ƙuli a Nkololoun. In tana raye, a Marwa ko Gaundare ko wani wuri, don Allah wanda ya gan ta ya tambaye ta: kwalbar da wani baƙo ya miƙo ta bayan labule a gidan Iro, daga rijiya ta cika ta ko daga jarka? A ce mata ba laifi ake nema ba, kada ta ji kunya, kada kuma ta zaɓa mini amsar da ta ga za ta fi yi mini daɗi. Ta faɗi yadda aka yi kawai.